Abubuwan da ya kamata ka sani game da cutar shuɗin harshe ta tumaki da shanu

Duk da cunkoson gidaje da shaguna, Fagge da Sabon Gari ba su taɓa rabuwa da dabbobi ba. A Fagge babbar mayankar Kano take, wadda aka fi sani da Abbatuwa, daura da Ƙofar Mazugal. Kowace safiya ana kai mata shanu da raƙuma da tumaki da awaki waɗanda aka sayo a kasuwannin Wudil da Dambatta da Maigatari, wasunsu ma daga Nijar da Chadi suka taso. A cikin unguwanni kuwa, gidaje da yawa suna da rago ɗaya ko biyu a turke, ana ba su dusa da harawa ana jiran Babbar Sallah. Masu wannan harka, daga mahauta da dillalai har matan da ke kiwo a tsakar gida, sun san ɓoru, sun san ciwon huhu, sun san sammore. Akwai kuma wata cuta da ta daɗe a ƙasar nan tare da waɗannan, amma ba kasafai ake jin sunanta a bakin masu kiwo ba. Ita ce cutar shuɗin harshe.

Abin da ya ɓoye ta shi ne yawancin dabbobinmu na gida sukan kamu da ita su warke mai su bai ma lura ba. Sai dai cutar da ke wucewa shiru a garken shanun Bunaji ita ce ta hallaka dubban tumaki a Turai, ta sa gwamnatoci suka hana fitar da dabbobi daga yankuna masu faɗi. Yanzu da masu hali ke ƙara sha'awar shigo da irin tumaki da shanu na ƙasashen waje, sanin yadda take aiki ya zama abin buƙata ga duk mai kiwo.

Mece ce cutar?

Shuɗin harshe cuta ce ta dabbobi masu tuƙa, wato tumaki da awaki da shanu, da namun daji irin su barewa da ɓauna. Raƙuma ma tana shiga jininsu. Abin da ke haddasa ta bairos ne, wato irin ƙwayar cutar nan da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin wata dabba ta mayar da su masana'antarta. Masana sun sanya wannan bairos a dangin da suke kira Orbivirus. A dangin nan ne kuma ake samun wanda ke jawo annobar dawaki ta Afirka, cutar da masu dawakin hawan Sallah da na wasan folo ke jin tsoro, domin takan kashe mafi yawan dawakin da ba su da garkuwa.

Bairos ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai nau'i 24 da aka daɗe da sani, an ba kowanne lamba, kuma an gano wasu ƙari a 'yan shekarun nan. Bambancinsu yana a fatar waje ta ƙwayar, wadda ita ce jikin dabba ke gani ya shirya mata garkuwa. Saboda haka tunkiyar da ta warke daga nau'i na 8 tana iya sake kamuwa da nau'i na 3, kuma allurar rigakafin wani nau'in ba ta tsare dabba daga sauran. Wani abu kuma shi ne sinadarin gadon wannan bairos a rabe yake gida 10. Idan nau'i biyu suka haɗu a jikin saniya ɗaya ko ƙuda ɗaya, suna iya musayar waɗannan gutsattsari, sai a sami sabon haɗi mai hali dabam da na iyayensa.

Yadda aka gano ta

Cutar 'yar asalin Afirka ce, kuma ta daɗe tana yawo tsakanin namun daji da shanu kafin kowa ya ba ta suna. Ba ta fito fili ba sai da Turawa suka kai tumakin Merino, masu laushin gashi, ƙasar Afirka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 18, suka riƙa mutuwa a lokacin ruwa. A 1905 wani likitan dabbobi mai suna James Spreull ya rubuta cikakken bayanin alamominta. Arnold Theiler, wanda ya kafa cibiyar binciken Onderstepoort kusa da Pretoria, ya nuna a 1906 cewa abin da ke jawo ta yana ratsa matacin da ke tare bakteriya, sannan ya haɗa allurar rigakafi ta farko. Amma sai a 1944 R. M. du Toit, shi ma a cibiyar, ya tabbatar da ƙwaron da ke ɗauke da ita.

A 1943 ta ɓarke a tsibirin Kubrus, aka tabbatar ta fita daga Afirka. Bayan 'yan shekaru aka gane ta a Amurka. Daga 1956 zuwa 1960 ta shiga Fotugal da Sifaniya, inda tumaki kusan 180,000 suka mutu. Wannan asarar ce ta sa duniya ta ɗauke ta da muhimmanci, kuma har yau tana cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedkwata a Faris, ta wajabta wa ƙasashe su ba da rahotonsu.

Ƙudan da ke ɗauke da ita

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. Shuɗin harshe ba ta bin numfashi, ba ta bin miyau ko kwanon ruwa kamar ɓoru. Za a iya ɗaure rago mai ciwo da lafiyayye a turke ɗaya, su ci a baho ɗaya, lafiyayyen bai kamu ba. Kusan kullum sai da ɗan aike, wato wani ƙaramin ƙuda mai cizo da masana ke kira Culicoides. Tsawonsa milimita 1 zuwa 3 ne, bai fi ƙwayar gero ba, kuma yana ratsa ramukan gidan sauro na yau da kullum. Akwai ire-irensa fiye da 1,000 a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke iya ɗaukar cutar. A Afirka da Gabas ta Tsakiya wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne Culicoides imicola.

Macen ce kaɗai ke shan jini, domin da shi take yin ƙwai. Idan ta ciji dabbar da ke da bairos a jini, ba nan take za ta iya harbin wata ba. Sai ƙwayar ta hayayyafa a cikinta, ta ratsa hanjinta, ta isa inda take tara miyau. Da zafi wannan yakan ɗauki kamar mako guda, da sanyi yakan ja lokaci, idan kuma sanyin ya yi ƙasa da kamar digiri 12 a ma'aunin Salshiyas sai hayayyafar ta tsaya. Daga ranar da ƙwayar ta isa miyaunta, macen za ta ci gaba da yaɗa ta har ta mutu, kuma cizo ɗaya ya isa ya kwantar da tunkiya. Tana komawa shan jini bayan kowane 'yan kwanaki, yawanci daga almuru zuwa fitowar rana, musamman a daren da iska ta kwanta.

Wurin haihuwarsa ya bambanta da na sauro, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sauro ruwa kwantacce yake nema. Wannan ƙuda kuwa damshin ƙasa yake so, ƙasar da ta jiƙe ta gauraya da kashin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye, amma ruwa bai shanye ta ba. Ka duba ƙarƙashin bahon da ake ba rago ruwa, inda kullum ruwa ke zuba a kan kashi da ragowar dusa har wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Ka duba gindin famfo mai yoyo, da bakin kududdufi bayan ruwa ya fara janyewa, da gefen rafin Jakara inda ruwan unguwanni ke malala duk shekara. Irin waɗannan wurare ne tsutsarsa ke girma a ciki, cikin 'yan makonni ta zama ƙuda.

Shi ya sa cutar take da lokacinta. A Kano ƙudan yakan yawaita bayan ruwa ya zauna, daga marka zuwa farkon kaka, sannan ya ragu sosai idan hunturu ya busar da ƙasa, sai dai a fadamu da wuraren noman rani inda damshi ba ya yankewa. Da fikafikansa ba ya nisa, amma iska tana iya kwasarsa ta kai shi ɗaruruwan kilomita, har ta tsallaka teku da shi. Shinge ko iyakar ƙasa ba sa tare irin wannan tafiya.

Akwai wasu hanyoyi ƙanana da ba su kai ta ƙudan ba. Wasu nau'o'in suna ratsa mahaifa su kama ɗan tayi. Ana iya samun ƙwayar a maniyyin bijimi ko rago a lokacin da take yawo a jininsa. Allura ɗaya da aka bi garke duka da ita ma tana iya kwasar jini daga wannan dabba zuwa waccan.

Abin da take yi a cikin jiki

Bayan cizo, ƙwayar takan fara zama a kaluluwar da ke kusa da wurin, ta hayayyafa, sannan ta bi jini zuwa saifa da huhu da sauran sassa. Inda take yin ɓarna mafi girma shi ne siraran ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini. Idan suka lalace, jijiyar takan fara yoyo. Ruwa ya fita ya taru a cikin nama, shi ne kumburi. Jini ya tsattsafo, shi ne ja da ɗigon jini da ake gani a baki. Wani wurin kuma jinin ya daskare ya toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa abinci ya mutu, shi ne gyambo. Duk alamomin cutar, daga leɓe har kofato, daga wannan tushe ɗaya suke fitowa.

A jikin saniya labarin ya sha bamban. Ƙwayar takan maƙale a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ta ɓuya inda garkuwar jiki ba ta cim mata da sauri, ta yi makonni tana yawo alhali saniyar tana kiwonta lafiya ƙalau. Dokokin cinikin dabbobi na duniya sun ɗauki kwana 60 a matsayin tsawon lokacin da dabba ke iya ba ƙuda cutar. Ƙudan kuma ya fi son jinin shanu. Saboda haka shanu su ne rumbun cutar, tumaki kuma su ne ke shan wahalarta.

Alamomi

A tunkiya alamu sukan bayyana kamar kwana 4 zuwa 8 bayan cizo. Farko zazzaɓi ne mai zafi, har digiri 41 ko 42, alhali na lafiyayyar tunkiya bai wuce 39 da ɗoriya ba. Za ta ware kanta, ta daina cin abinci. Sai leɓɓa su kumbura, fuska da kunnuwa da ƙarƙashin haɓa su biyo baya. Miyau ya riƙa dalala, majina ta fara da ruwa-ruwa ta koma mai kauri, ta bushe ta toshe hanci. Idan ka buɗe bakin za ka ga dasashi ya yi ja, da gyambo a gefen harshe da kuma a dasashin sama inda tunkiya ba ta da haƙoran gaba, bakin yana wari.

Harshen yana iya kumbura ya leƙo waje, ya yi shuɗi saboda jini ya kasa zagayawa. Amma wannan a dabbobi kaɗan ake ganinsa, kuma duk wanda ya tsaya jiran shuɗin harshe kafin ya yi zargin cutar zai rasa mafi yawan masu ita. Alamar da ta fi amfani tana ƙafa. Bayan zazzaɓi ya fara sauka, sai a ga wani jan zobe a daidai inda fata ta haɗu da kofato, wurin ya yi zafi. Tunkiyar ta fara ɗingishi, ta tsaya ta ƙanƙame baya, wata ma ta durƙusa ta riƙa tafiya a kan gwiwa. Wasu wuyansu yakan karkace gefe guda saboda naman wuya ya lalace. Masu ciki suna iya ɓari. Wadda ruwa ya cika wa huhu takan mutu da kumfa a hanci.

Yawan mace-mace ya danganta da irin tunkiyar da nau'in bairos. Yawanci yakan kama daga kashi 2 zuwa 30 cikin 100, amma a tumakin da ba su taɓa haɗuwa da cutar ba yana iya kaiwa kashi 70. Waɗanda suka tsira sukan daɗe a rame, rago kuma yakan yi makonni ba ya iya ba da ciki. Awaki da shanu galibi ba sa nuna komai, in ban da ɗan zazzaɓi ko raguwar nono.

Ga mahauci ko ma'aikacin duba nama akwai wata shaida ta musamman. Idan aka feɗe tunkiyar aka duba gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu, akan ga tabon jini a jikin bangonta. Likitocin dabbobi suna ɗaukar wannan tabo a matsayin alama mai ƙarfi ta shuɗin harshe.

Me ya sa ba a cika ganinta a nan ba?

Ba don babu ita ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka ware wannan bairos a Najeriya, kuma binciken W. P. Taylor da A. McCausland da aka buga a 1976 ya nuna alamun kamuwa a jinin dabbobin ƙasar nan. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a jihohi daban-daban sun ci gaba da samun haka a tumaki da awaki da shanu. Kano tana tsakiyar yankin zafi inda ƙudan ke rayuwa, ga kuma dabbobi na shigowa daga kowace kusurwa.

Abubuwa biyu ne suka rufa mana asiri. Na farko shi ne irin dabbobinmu. Tumakin 'Yankasa da Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, da shanun Bunaji da Rahaji da Bokolo, sun yi ƙarnuka suna zaune da wannan ƙwaya, jikinsu ya saba da ita. Na biyu shi ne yadda kamuwar ke zuwa da wuri. Uwar da ta taɓa kamuwa tana ba ɗanta kariya ta cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri da yake sha a kwanakin haihuwa. Kariyar takan yi 'yan watanni tana raguwa, a daidai lokacin ne ƙudan ke cizonsa, sai ya kamu sama-sama ya gina tasa garkuwar. Da haka garke ke zama cike da ƙwayar amma babu mai kwanciya.

Wannan daidaito yana da inda yake karyewa. Yana karyewa idan aka kawo baƙuwar dabba wadda kakanninta ba su san cutar ba. A 1975 likitocin dabbobi a Najeriya sun ba da rahoton shuɗin harshe a jikin tumakin Wiltshire, irin ƙasar Ingila, wato abin da ya sami Merino a Afirka ta Kudu ya maimaita kansa. Yana kuma iya karyewa idan sabon nau'i ya shigo yankin da bai saba da shi ba. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa ya sayo tumaki ko shanun madara na waje domin inganta garkensa, ya sauke su a tsakiyar damina kusa da shanun gida, ya jefa dukiyarsa cikin haɗarin da maƙwabcinsa mai 'Yankasa bai san da shi ba. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 maganar inganta iri ta ƙara ƙarfi, kuma ya dace maganar wannan cuta ta riƙa tafiya tare da ita.

Ko a dabbobin gida ma, rashin mutuwa ba ya nufin rashin asara. Ragon turka da ya yi mako biyu bakinsa na ciwo ya zubar da ƙibar da aka yi watanni ana tarawa. Malamai kuma sun bayyana cewa dabba mai bayyanannen ciwo, ko bayyanannen ɗingishi, ko ramammiya ƙwarai, ba ta isar wa layya. Daga 2016 zuwa 2022 Babbar Sallah ta riƙa faɗowa tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da aka tara raguna a bakin tituna cikin laka da damshi. Yanzu ta matso zuwa ƙarshen bazara, amma masu sayen ƙananan raguna da kaka domin su turke su suna saye ne a lokacin da ƙudan ya fi yawa.

Cututtukan da ake rikita ta da su

Ciwon baki da dalalar miyau ba na shuɗin harshe ba ne ita kaɗai, kuma a Kano ba ita ce ta farko da za a zarga ba. Ɓoru takan fi bayyana a shanu, da ƙuraje masu ruwa a harshe da tsakanin kofato, kuma tana bin garke da sauri ta hanyar cuɗanya. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR takan zo da majina da ƙwantsa da tari da zawo mai tsanani, ta fi kashe awaki, ita ma daga dabba zuwa dabba take bi. Akwai kuma ƙurajen da ke yin ɓawo a leɓɓan 'yan raguna da 'yan awaki, waɗanda ba sa zuwa da kumburin fuska. Abin da ke karkata zargi zuwa shuɗin harshe shi ne a ga tumaki sun kwanta, awaki da shanun da ke tare da su suna lafiya, ga kumburin kai, ga jan zobe a kofato, ga shi kuma ƙarshen damina ne. Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mutum yana kamuwa?

A'a. Shuɗin harshe ba ta kama ɗan Adam, ko ta cizon ƙudan, ko ta taɓa dabbar, ko ta cin nama da shan nono. Mahauci da mai tsire da mai kilishi ba su da abin tsoro daga gare ta. Wannan ba izini ba ne na a yi saurin yanka dabba mai zazzaɓi a kai kasuwa, domin wanda bai tabbatar da ciwon ba bai san ko wata cutar ce mai kama mutum ba, kuma naman dabbar da aka ɗirka wa allurai yana ɗauke da ragowar magani.

Darasin Turai

An daɗe ana ɗauka cewa sanyin arewacin Turai ya fi ƙarfin wannan cuta. A watan Agustan 2006, bayan bazara mai zafi, nau'i na 8 ya ɓulla a Holan kusa da birnin Maastricht, ya bazu zuwa Beljiyam da Jamus da Faransa, ya tsallake hunturu, ya isa Ingila a 2007. Ƙudajen can na gida ne suka yaɗa shi, waɗanda a da ba a ɗauke su da haɗari ba. Ya kuma zo da sabon hali, domin ya kwantar da shanu, ya ratsa mahaifa har aka riƙa haifar maruƙa da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Da masana suka bincika gadon ƙwayar, sai suka ga ɓangaren da ke tantance nau'inta ya fi kusa da wani samfuri da aka ɗauka a Najeriya a 1982. Wannan ya nuna asalinta daga kudu da Sahara yake, ko da yake ba a tabbatar da hanyar da ta bi ta isa can ba.

Allurar rigakafi da aka yi wa miliyoyin dabbobi daga 2008 ce ta kwantar da wannan annoba. A Satumban 2023 kuma nau'i na 3 ya ɓarke a Holan, ya kashe tumaki masu yawa, kuma allurar nau'i na 8 ba ta yi amfani a kansa ba, sai da aka haɗa sabuwa.

Magani da rigakafi

Babu maganin da ke kashe wannan bairos a jikin dabba. Allurar kashe bakteriya da ake saya a shagunan maganin dabbobi ba ta taɓa shi. Amfaninta kawai shi ne idan wani ciwon ya hau kan gyambon baki ko huhu, kuma likita ne ya kamata ya faɗi lokacin da ake buƙatarta, tare da maganin rage zafi da kumburi. Sauran aikin jinya ne. A sa dabbar a inuwa, domin rana tana tsananta ciwon. A ajiye mata ruwa kusa, a ba ta abinci mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyar ciyawa maimakon busasshiyar harawa da ke soke gyambo. A goge busasshiyar majina da ruwan ɗumi don ta sami numfashi. A guji yi mata ɗura da ƙarfi, domin maƙogwaronta ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura yana iya faɗawa huhu ya kashe dabbar da cutar kanta za ta bari.

Allurar rigakafi iri biyu ce. Akwai mai rai wadda aka raunana, kamar ta Onderstepoort da ke zuwa a kwalabe 3, kowace da nau'i 5, ana yin su a jere da tazarar mako uku. Tana da ƙarfi, amma ba a yi wa tunkiya mai ƙaramin ciki saboda tana iya cutar da ɗan tayi. Akwai kuma wadda aka kashe ƙwayarta, irin da Turai ta yi amfani da ita, wadda ta fi aminci amma tana buƙatar maimaitawa. Kowace daga cikinsu sai ta dace da nau'in da ke yawo a wurin. Allurar da gwamnati ta saba yi wa dabbobi a Kano ta ciwon huhun shanu ce da ta PPR, kuma ba sa tsare dabba daga shuɗin harshe.

Ga mai kiwo a cikin gari, abin da ke hannunsa shi ne rage ƙudan. A riƙa kwashe kashi daga turke, kada a bari ya jiƙe ya taru. A gyara famfo mai yoyo, a ɗora bahon ruwa a kan daɓe ko a riƙa sauya masa wuri, a buɗe wa ruwan wanki hanya ya fita. Shigar da dabbobi ɗaki ko rumfa mai rufi kafin magariba yana rage cizo, domin irin ƙudan da muke da shi ya fi cizo a fili. Hayaƙin da makiyaya ke turawa a ruga da yamma yana korar ƙwari, maganin ƙwari da ake zubawa a gadon bayan dabba ma yana ragewa, amma babu ɗayansu da ke hana cizo gaba ɗaya. Mai yin allura ya sauya tsinke tsakanin dabba da dabba. Mai niyyar shigo da irin waje kuwa ya nemi shawarar likitan dabbobi tun kafin ya biya kuɗi, ya tambayi rigakafin da aka yi musu, ya kuma zaɓi lokacin rani.

Yadda ake tabbatarwa

Idan tumaki suka nuna irin alamun da aka lissafa, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Su ne za su ɗebi jini a kwalbar da ke hana shi daskarewa, su ajiye shi cikin sanyi, su aika ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, ko na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Gwajin iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci a wuri irin Kano. Na farko yana neman garkuwar da jiki ya yi, wato shaidar cewa dabbar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. Tunda dabbobinmu da yawa sun taɓa kamuwa tun suna ƙanana, samun wannan shaida a jinin rago ba ya nuna cewa shuɗin harshe ce ta kwantar da shi yau. Na biyu, wanda ake kira PCR kuma mutane suka san sunansa a lokacin korona, yana neman gadon ƙwayar kanta, yana kuma iya faɗin lambar nau'inta. Shi ma yakan ci gaba da ganin ragowarta a jinin shanu watanni bayan ta daina yaɗuwa, don haka likita yakan haɗa sakamakon da alamun da ya gani da lokacin shekara, ya kuma gwada ɓoru da PPR, kafin ya faɗi sunan ciwon.